Karyar gonata tana da ciwon daji, an ce ya kai huhu. Ina neman shawara

Mai Kaji Shika ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Na san wasu za su yi dariya, to bismillah, na riga na sha ta a majalisa har ta ishe ni. Amma in akwai likitan dabbobi a nan, ko wanda ya taɓa jinyar kare, don Allah ya daure ya karanta.

Ina da 'yar gonar kaji a wajen Shika, kan hanyar Funtuwa. Karyar da ke gadin wurin sunanta Zabuwa, saboda dabbare-dabbaren jikinta. 'Yar gida ce, irin dogayen nan masu shafaffen ciki da mafarauta ke so. Wani tsohon maharbi ya ba ni ita tana 'yar kwikwiya, yanzu ta haura shekara goma. Tun da ta yi ƙarfi ban sake asarar kaza ga tunku ko muzuru ba. Akwai daren da wasu suka fasa katangar baya da nufin kwashe janareta, ita ta tare su ita kaɗai har mai gadi ya farka. Tabon saran addar yana nan a kafaɗarta.

Bara da kaka na lura da wani ƙullutu a nononta na baya, ɓangaren hagu, girmansa kamar goro, mai tauri. Na kai ta asibitin dabbobi, aka yi mata aiki aka cire, aka tura naman gwaji. Sakamako ya ce mugun iri ne. Ta warke sumul, ta koma aikinta, har na saki jiki. Da sanyi ya fara janyewa sai ga wasu ƙananan ƙulluttai sun fito a jere kan layin ɗinkin, ɗaya ya girma ya fashe. Sai kuma tari, irin busasshen nan. Aka ɗauki hoton ƙirji, likita ya nuna min wasu fararen ɗigo-ɗigo a huhun, ya ce ciwon ya bazu, sake yanka ba zai tsinana komai ba. Ya ba ni maganin rage raɗaɗi da na wanke gyambon, ya ce in lallaɓa ta, ranar da na ga wahalar ta yi yawa akwai allurar da ake yi ta huta.

Ga halin da muke ciki yanzu. Tuwo da romon da ta saba ci ta daina kallonsa, sai in na dafa mata ƙwai ko kan kaji. Ga zafi, ga lokacin mangwaro, ƙudaje sun addabi gyambon, ita kuma ba ta da aiki sai lasa. Wurin ya fara wari. Mai gadina ya ce in zuba fiya-fiya ko kananzir ƙudan su gudu, ya kuma ce in ƙara mata da maganin ciwon jiki na kemis tunda ni ma shi nake sha. Ban yi ba tukuna. Abin da ya fi karya min zuciya, duk da haka da magariba ta yi sai ta ja jiki ta je bakin ƙofa ta kwanta, wai ita gadi. In babur ya wuce ta ɗaga kai za ta yi haushi sai tari ya sarƙe ta.

Ni kuma barci ya ƙaurace min. Yayana ya ce in sa ta a mota in kai ta daji in sake ta, Allah ya ji da ita. Wani abokina ya ce akwai masu saye, in karɓi 'yan kuɗina in huta. A majalisa kuwa na zama abin tsokana, da na iso sai a ce ya mai jiki. Ina dariya tare da su, amma na koma gona rannan na same ta kwance cikin ƙasa ƙuda na bin ta, wallahi sai da na shiga ɗakin ajiyar abinci na rufe ƙofa don kada yaran gona su ga idona.

To ku taimaka min. Yaya zan yi da gyambon nan da ƙudajen? Me zan ba ta ta ci? Ta yaya zan gane lokacin allurar ya yi, kuma a addini ya halatta? Sannan wannan abin da nake ji, akwai wanda ya taɓa jin irinsa a kan dabba, ko ni ne dai kaina ya taɓu?

Gaskiya Ɗaci ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ka je sashen masu ciwon daji a kowane babban asibiti ka ga mata kwance a baranda, an rubuta musu magani ba su da kuɗin saye. Kai kuma har da hoton ƙirji da gwajin nama a kan kare. Kuɗinka ne, ba wanda zai hana ka, amma ni dai da na sami irin wannan rarar, na san inda zan kai ta. Ta yi maka aiki, ka ciyar da ita, kun yi biyan bashi. Ka nemi wani kwikwiyon kawai.

Likitar Dabbobi ta rubuta:

Malam Mai Kaji, sannu da jinya. Ban ga karyar ba, don haka maganar likitan da ya duba ta ita ce gaba da tawa. Amma ga abin da zan iya cewa.

Na fara da abin da ya fi gaggawa: kada fiya-fiya ko kananzir ko baƙin mai su kusanci gyambon nan. Fiya-fiya guba ce, tana ratsa fata, balle buɗaɗɗen ciwo, ga shi kuma za ta lashe. Haka maganin kemis. Ibuprofen da diclofenac suna huda cikin kare, suna kashe ƙoda, ko da ƙwayar da kai ka raina ce. Maganin da likita ya ba ka mai yiwuwa daga dangi ɗaya suke, an dai auna shi da nauyinta, to in ka ɗora wani a kai ka ninka illar. In ka ga kashinta ya yi baƙi ƙirin, ko tana amai, ka tsayar da maganin ka kira shi. In kuma ka ga wanda ya bayar ba ya riƙe ta, shi za ka gaya wa, akwai abin da zai iya ƙarawa.

Gyambo: ka tafasa ruwa rabin lita, ka zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya, ya huce, ka riƙa wankewa safe da yamma a hankali, ba dirzawa, don irin wannan naman da an taɓa shi da ƙarfi sai jini. Ka aske gashin gefen. Ka rufe da bandeji mai laushi, sannan ka sa mata tsohuwar riga ko singileti, ka ɗaure ta baya. Za a yi maka wata dariyar, amma yana hana lasa kuma yana hana ƙuda sauka. Ka ɗaura mata gidan sauro a inuwa inda take wuni. Duk lokacin wanki ka duba da kyau ko akwai tsutsa, don a wannan zafin ƙwan ƙuda yana ƙyanƙyashewa cikin kwana guda. Maganar wari, ka tambayi likitanka game da metronidazole na shafawa, yana rage shi sosai.

Abinci: yanzu ba lokacin tsari ba ne, abin da ta yarda ta ci shi ne abincinta. Ƙwai dafaffe ya yi. Naman kaza, kifi da aka cire wa ƙaya, 'yar shinkafa. Kaɗan-kaɗan sau da yawa, da ɗan ɗumi, don ƙamshin ya tashi. Kan kaji dai ka zare ƙashin, ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soke hanji. Kada a ba ta ragowar miya, albasa da tafarnuwa suna fasa ƙwayoyin jinin kare, ita kuwa ba ta da jinin asara. Ruwa mai sanyi ya kasance dab da bakinta.

Yanzu babbar tambayar. Tunda huhu ne, numfashi za ka sa wa ido. Da rana duk kare yana haki saboda zafi, wannan ba ma'auni ba ne. Ka bari da asuba tana barci, ka ƙirga sau nawa ƙirjinta ke ɗagawa a minti ɗaya. Lafiyayyen kare a barci ba ya wuce 30. In ka ga kullum yana hawa, ya zarce 40 ya zauna, ruwa ko ƙarin ya fara cinye huhun. Ka ɗaga leɓenta ka dubi dasashi, ya kamata ya zama ja-ja. In ya koma fari fat ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko ta kasa kwanciya sai dai ta zauna ta miƙe wuya tana neman iska, to wannan ba na gobe ba ne, a ranar za ka kira likita. Shawarata kada ka jira a kai nan. Mutuwar rashin iska tana da firgici, kuma kare bai san dalilin da ya sa yake shaƙewa ba.

Ita allurar, maganin sa barci ne irin na tiyata, ake ba da shi da yawa ta jijiya. Sau da yawa akan fara da wata ta kwantar da hankali. Barci take yi tukuna, sannan numfashi da zuciya su tsaya, cikin 'yan mintuna. Wani lokaci ido yakan zauna a buɗe, ko jiki ya ɗan motsa bayan an gama. Ina gaya maka ne don kada ka gani ka zaci ta sha wuya.

Ga sauran masu karatu kuma: kusan rabin ƙarin nono a karnuka mugun iri ne, kuma ya fi fitowa a nonuwan baya. Cire shi tun bai kai santimita 3 ba ya fi ba da sa'a. Kuma ba kowane ciwon daji ne hukuncin kisa ba. Akwai wanda ya yi yawa a karnukanmu masu yawo, wanda ke fitowa a al'aura yana zubar da jini, suna ɗauka wajen barbara. Wannan allurar vincristine mako-mako, yawanci sau 4 zuwa 6, tana warkar da mafi yawansu. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, a kai a duba kafin a yanke ƙauna. Na Zabuwa kuwa ba ya yaɗuwa, ba ga mutum ba, ba ga kaji ba, ba ga wani kare ba.

Almajirin Zaure ya rubuta:

Ɗan'uwa, ni ba mufti ba ne, ɗalibi ne, amma abin da muka karanta a gaban malamai ba zan ɓoye ba.

Riƙon karenka dai ba laifi a ciki. Hadisin da ya yi maganar raguwar lada ga mai ajiye kare ya togace na farauta da na kiwo da na gona, kuma malamai sun yi ƙiyasin na gadi a kansu. Ana ruwaito cewa Ibnu Abi Zaidin, mai Risala, da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare. Aka ce masa ai Imamu Malik ya karhanta, ya ce da Malik ya riski zamaninmu da zaki zai ajiye. A mazhabarmu kuma duk mai rai tsarkakakke ne, har kare, don haka wanke mata ciwo ba zai hana ka salla ba. Jini da mugunya dai ka wanke, ka kuma sa safar hannu.

Shi kuma Gaskiya Ɗaci, Allah ya saka masa da tausayin marasa lafiya, amma a Bukhari da Muslim akwai mutumin da ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe da baki ya hau, ya shayar da kare mai ƙishi, Allah ya gafarta masa. Sahabbai suka tambaya, ashe muna da lada a kan dabbobi? Annabi (SAW) ya ce a kan duk mai ɗanyar hanta akwai lada. Wancan karen ma bai taɓa yi wa mutumin gadin dare ɗaya ba. Sannan ba mu san abin da Mai Kaji ke bayarwa a ɓoye ba, bai zo nan don ya lissafa mana sadakarsa ba.

Shawarar kai ta daji a saki ita ce ba ta da madafa ko kaɗan. Matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta bar ta ta nema ba, mun san makomarta. Karyar da ba ta iya gudu, a jefar da ita inda ba ruwa, ban ga bambanci mai yawa ba.

Game da allura, a littattafan fikihunmu na Malikiyya akwai maganar halaccin gamawa da dabbar da ba a cin namanta in an fid da rai da ita, don a hutar da ita. Akwai malaman da suka fi son a bar ta har ajalinta. Ka sami malamin da ka amince da shi, ka faɗa masa abin da likita ya ce dalla-dalla, musamman maganar numfashin, kada ka ce masa kawai ba ta da lafiya.

Maman Ihsan ta rubuta:

Yaya Mai Kaji, kanka bai taɓu ba. Ni a Jos nake. Namu karen namiji ne, maigidana ya kawo shi lokacin da aka yi ta hauro gidaje a layinmu, ni ma da farko ko kusa da shi ba na zuwa. Shi nasa ciwon dajin na kaluluwa ne, suka kumbura a ƙarƙashin muƙamuƙi da gaban kafaɗa da bayan gwiwa. Likita ya ce akwai jerin allurai na watanni da kan ba kare wajen shekara guda, amma ba mu da ƙarfinsu, sai aka sa shi a kan prednisolone, wani maganin rage kumburi. Kumburin ya sace, ya dawo yana cin abinci kamar ba shi ba, ga shan ruwa ga fitsari ba ƙaƙƙautawa. Yara suka yi ta murna wai ya warke. Ni da aka gaya wa gaskiya cewa na ɗan lokaci ne, ni na san abin da na haɗiye a makonnin nan.

Abin da ya taimake ni, kalandar bango. Kowane dare in ya ci abinci, ya tashi da kansa ya yi bayan gida, ya kaɗa wutsiya da maigidan ya dawo, sai in yi maki. In bai yi ba in ja gicciye. Domin zuciya tana ha'intar mutum, rana ɗaya mai kyau sai ta shafe maka munana biyar. Da na ga gicciye ya rinjayi maki a mako, ba wanda ya yi musu a gidan, har maigidan da ya fi kowa taurin kai.

Yaran ban yi musu ƙarya ba, ban ce an kai shi ƙauye ba. Na ce ba shi da lafiyar da za ta warke, likita zai taimaka masa ya huta. Babbar ta yi kuka sosai, ƙaramin kuma tambayarsa ɗaya, wa zai cinye ƙanzon tuwo yanzu.

Ka daina kai maganar majalisa, ba wurinta ba ne. Ka nemi mutum ɗaya wanda ba zai yi dariya ba. Ni maƙwabciyata ce, wata tsohuwar nas, ta zo ta zauna da ni a kicin ranar, ba ta ce min komai ba sai sannu. Kuma ka sani bayan an gama za ka ji wani sauƙi-sauƙi, na cewa yau ba wankin ciwo, ba tashin dare. Kada ka tuhumi kanka a kan wannan, gajiya ce. Ni dai har wata ya zagayo ina kankare tukunya in nufi bayan gida da ƙanzo kafin in tuna.

Mai Kaji Shika ya rubuta:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Malam Gaskiya Ɗaci, ban ji haushi ba, mahaifiyata ma ta yi doguwar jinya, na san barandar da kake faɗa. Sai dai wannan dabbar a hannuna take, ni za a tambaya.

Likita, na yi yadda kika ce. Ta sha singileti, an ɗaura gidan sauro a gindin darbejiya, ƙuda ya ragu sosai. Da farko ta yi ta ƙoƙarin cire rigar da haƙori, yanzu ta haƙura. Na ƙwace kwalbar fiya-fiyar daga hannun mai gadi na kulle. Numfashin da asuba ina samun 34, wani lokaci 36. Dasashin da sauran ja, amma ba kamar da ba. Gadin magariba kuwa na bar ta, sai dai na shimfiɗa mata buhu a bakin ƙofar, kuma na sa yara su riƙa yayyafa ruwa a wurin saboda ƙura.

Na je wurin malaminmu bayan sallar asuba na yi masa bayani. Ya yi shiru, sannan ya ce in likita ya tabbatar ba warkewa kuma wahala ta bayyana, ba ya ganin laifi, amma in tsaya a yi a gabana, kada in aika yaro. Haka na ƙudurta. Likitanmu ya yarda zai zo gonar, don shiga mota yana tayar mata da tari. Kalandar Maman Ihsan tana rataye a ɗakin ƙwai, zuwa yanzu maki ya fi yawa.

Saura tambaya biyu. In ta faru, a cikin gonar nake so in binne ta, akwai matsala? Sannan akwai 'yarta a wurina, shekararta biyu, ta taɓa haihuwa sau ɗaya. Gadon ciwon take ko yaya, kuma akwai abin da zan yi tun yanzu?

Likitar Dabbobi ta rubuta:

34 zuwa 36 ya ɗan haura, amma in tana barci sosai tana ci, a ci gaba da lura. Ka riƙa rubuta lambar a jikin kalandar, hawan da take yi ya fi lambar rana ɗaya muhimmanci.

Binnewa a gona ba laifi, amma ramin ya yi zurfi, aƙalla mita ɗaya, nesa da rijiya, a danne da duwatsu. Maganin allurar yana zama a jikin gawar, duk karen da ya tono ya ci zai iya mutuwa, har 'yar tata.

Ita 'yar, ba dole ba ne ta gada. Abin da ya fi tasiri shi ne sinadaran jikin mace da ke tashi duk zagayen neman namiji. Cire mahaifa da ƙwai kafin zagayen farko shi ke rage haɗarin ƙwarai, a shekara biyu kariyar ta ragu. Duk da haka ina ba da shawarar a yi, don yana hana ruɓar mahaifa da ke kashe tsofaffin karnuka mata, yana kuma hana ta fita yawon barbara ta kwaso wancan ciwon da na ambata. Kada dai a yi mata allurar hana ɗaukar ciki, ita tana ƙara haɗarin ƙarin nono ne. Sau ɗaya a wata ka kwantar da ita ka shafa nonuwan duka, layi biyu, daga ƙirji har cinya. Ko ƙullutun bai fi ƙwayar gero ba, ka kai ta a makon.